Haramci ko Amsa: Abin da Jami'ar Paris ta Gwada daga 1210 zuwa 1277

A ranar 7 ga Maris, 1277, bishop na birnin Paris, Etienne Tempier, ya fitar da takarda mai ɗauke da maganganu 219 na falsafa da aƙida da ya haramta a jami'ar birnin. Ya ce duk malamin da ya koyar da ko da ɗaya daga ciki an kore shi daga coci, haka ma ɗalibin da ya saurara bai kai kansa gaban hukuma cikin kwana bakwai ba. Ranar ta zo daidai da cika shekara uku da rasuwar Toma Akwinas, babban malamin tauhidin Katolika, kuma wasu daga cikin maganganun da aka haramta sun taɓa koyarwarsa. A 1323 Fafaroma ya ayyana Toma a matsayin waliyyi. A 1325 wani bishop na Paris ɗin ya janye hukuncin a duk inda ya shafe shi.

Tambayar da wannan tarihi ke ɗauke da ita ba ta tsufa ba: idan littafi mai girgiza aƙida ya shigo makaranta, me ya kamata hukuma ta yi? Ta kulle shi, ko ta sa malamanta su karanta su ba da amsa? A ganina Paris ta gwada hanyoyin biyu a kan littattafai guda, cikin ƙarni guda, kuma sakamakon ya fi karkata ga amsa. Sai dai amsa tana da sharuɗɗa, kuma masu yabon Toma sukan tsallake su.

Littattafan da ake magana na Arisɗo ne, masanin falsafar Girka na dā, wanda Turawa ke kira Aristotle, kuma ba su iso Paris su kaɗai ba. A tsakiyar ƙarni na 12 an fassara sassan Kitabus Shifa na Ibn Sina zuwa Latin a birnin Toledo na Andalus. Wajajen 1220 zuwa 1230 Michael Scot ya fassara manyan sharhohin Ibn Rushd. Ɗalibin Paris idan ya ce "Mai Falsafa" Arisɗo yake nufi, idan ya ce "Mai Sharhi" Ibn Rushd yake nufi, ba sai ya kama suna ba. Cikin waɗannan littattafai akwai abubuwan da ba Kirista kaɗai ba, Musulmi da Bayahude ma ba za su karɓa ba: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, cewa ran mutum ɗaya ba ya wanzuwa bayan mutuwa.

Hukumar coci ta fara da kulle. A 1210 taron bishop-bishop ya hana karantar da littattafan Arisɗo na ilimin halitta a Paris, a fili ko a ɓoye. A 1215 dokokin jami'a suka maimaita hanin, suka bar mantiƙi, suka hana ilimin halitta da ilimin bayan halitta. Me ya faru? A 1229 sabuwar jami'ar Toulouse ta aika wa ɗalibai sanarwa cewa littattafan da aka hana a Paris ana karanta su a can. Haramcin ya koma talla. A 1231 Fafaroma Gregory na IX ya sassauta, ya ce hanin zai tsaya har a tace littattafan, ya naɗa mutum uku su yi tacewar. Ɗaya daga cikinsu ya rasu a shekarar, aikin bai kai ko'ina ba. A 1255 tsangayar fannonin share fage ta Paris ta sa littattafan Arisɗo da aka sani a manhajarta, har da yawan makonnin da za a yi ana karanta kowanne. Shekara 45 ke nan tsakanin "kada a taɓa" da "dole a karanta".

Toma, wanda aka haifa wajajen 1225 a kudancin Italiya, ya fara karatu a jami'ar Naples, inda hanin Paris bai kai ba, ya kuma zauna gaban malaminsa Albert Babba a Cologne daga 1248. Makamin da ya gada shi ne muƙabala mai tsari. Ya kamata a fayyace yadda ake yin ta, don a nan ƙarfin abin yake.

Malami zai sanar da tambaya mai amsar i ko a'a. A zama na farko mahalarta su kawo hujjoji, wani babban ɗalibi ya tsaya yana mayar da martani, magatakarda yana rubutawa. A zama na biyu malamin ya dawo ya yanke hukunci, ya kuma bi hujjojin da suka saɓa masa ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu a shekara, kafin Kirsimeti da kafin Ista, akwai muƙabalar da kowa ke da damar jefa wa malami tambayar da ya ga dama a bainar jama'a. Malami mai rauni yakan kauce wa wannan.

Babban littafin Toma, Summa Theologiae, wannan tsari ne aka mayar rubutu. Tambayoyi 512 ne, an rarraba su zuwa mas'aloli sama da 2,600, kuma kowace mas'ala da gaɓoɓinta: tambaya, sai hujjojin abokin hamayya, galibi uku, sai gajeren nassi ko maganar magabaci da ta saɓa musu, sai bayanin malami, sai amsar kowace hujja da lambarta. A lura da jerin. Mai karatu yana cin karo da shubuha kafin ya ji ra'ayin marubuci, kuma an hana marubucin tafiya sai ya biya kowane bashi da ya ci a sama.

Dubi mas'alar samuwar Allah, a kashi na farko, tambaya ta 2, mas'ala ta 3. Toma ya fara da cewa da alama babu Allah, ya kawo dalili biyu. Na farko: da akwai Allah mai alheri marar iyaka, da ba a sami mugunta ba, ga shi kuwa mugunta ta cika duniya. Na biyu: abin da ake iya bayyanawa da sababai kaɗan ba a neman ƙari, kuma ana iya mayar da komai ga ɗabi'a ko ga hankali da nufin mutum, don haka ba a bukatar Allah. Duk wanda ya taɓa sauraron masu musun Allah na wannan zamani zai shaida cewa har yau waɗannan biyun ne jarinsu. Malamin coci ne ya rubuta musu su, a taƙaice, ba tare da zagi ba.

Hanyoyi biyar da ya kawo na tabbatar da samuwar Allah sun shahara, kuma mafi yawan masu kawo su a gardama suna ɓata su a wuri ɗaya. Sukan ce hujjar ita ce "komai yana da sababi, don haka akwai sababi na farko", sai mai musu ya ce to shi Allah wa ya yi shi, zance ya ƙare. Toma bai ce komai yana da sababi ba. Cewa ya yi abin da ke sauyawa wani ne ke sauya shi, kuma abu ba ya zama sababin kansa. Sannan "na farko" a wurinsa ba na farko a lokaci ba ne. Jeri iri biyu ya bambanta. Akwai jerin kaka da uba da ɗa: uba yana haihuwa ko da kaka ya rasu, don ƙarfin haihuwar nasa ne. Misalin da ya bayar shi ne maƙerin da ke sauya guduma duk lokacin da ɗaya ta karye, yawan gudumomin ba ruwansa da aikin. Irin wannan jeri, in ji shi, hankali bai hana ya tafi baya ba iyaka ba. Akwai kuma jerin hannu da sanda da dutse: dutse na motsi don sanda na tura shi, sanda na turawa don hannu na riƙe da ita, duk a lokaci ɗaya. Sanda ba ta da ƙarfin kanta, aro take. Ka jera sanduna dubu, ko marasa adadi, idan babu hannu ba abin da zai motsa. A wannan jeri na biyu ne kawai ya ce dole a tsaya ga wanda ƙarfinsa nasa ne.

Daga nan wani abu ya biyo baya da zai ba almajirin tauhidi na ƙasar Hausa mamaki. Wanda ya karanta Ummul Barahin ta Shehu Sanusi ya san cewa hujjar tana tafiya ne ta kan faruwar duniya: jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, su kuwa fararru ne, abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne, fararre kuma yana bukatar mai farar da shi. Toma bai yarda hankali kaɗai zai iya tabbatar da cewa duniya tana da farko ba. Ya gaskata hakan, amma ya ce wahayi ne ya sanar da shi. Abokin zamaninsa Bonaventure ya saɓa masa, ya tsaya kusa da matsayin malaman kalam. Dalilin Toma na aiki ne: idan ka kare imani da hujjar da ba ta kai ba, ka ba mai musu abin dariya, zai ɗauka a kan irin wannan ka dogara. Shi ya sa ya gina hujjojinsa yadda za su tsaya ko da an sallama wa Arisɗo cewa duniya ba ta da farko. Hanyarsa ta uku, wadda ta tashi daga abin da samuwarsa ja'izi ce zuwa ga wajibul wujudi, tana da jini ɗaya da Ibn Sina da malamin Yahudawa Musa bin Maimun. Bambancin da ya yi tsakanin mahiyyar abu da samuwarsa, wanda shi ne ƙashin bayan falsafarsa, daga Ibn Sina ya ɗauko shi ya sake masa gini.

Ba duk hanyoyin ne suka tsira lafiya ba. A ta huɗu ya ce wuta ce mafi zafi kuma ita ce sababin duk wani zafi, ilimin kimiyya ya daɗe da wuce nan. A ta uku akwai tsallen da masana mantiƙi ke ƙorafi a kai har yau, daga "kowane abu akwai lokacin da babu shi" zuwa "akwai lokacin da babu komai". Amma mun san wuraren raunin ne domin ya shimfiɗa matakan a fili. Takardar haramci ba ta da matakan da za a bincika.

Inda rigimar ta fi zafi shi ne batun hankalin mutum, kuma nan ne ya kamata a daɗe.

Ibn Rushd, a babban sharhinsa na littafin rai na Arisɗo, ya kai ga cewa hankali mai karɓar ma'anoni ɗaya ne ga dukan 'yan Adam, kuma a rabe yake da jikinsu. Wanda ya ji wannan karo na farko zai ce shirme ne. Ba shirme ba ne, ga yadda ya isa can. Ido yana ganin wannan doki, mai wannan launi, a wannan wuri. Hankali kuwa yana kama ma'anar doki, wadda ta game kowane doki. Duk abin da ya sauka cikin jiki yana zama ɗaya tilo, mai wuri da lokaci. To idan hankalinka wani ɓangare ne na jikinka, ma'anar da ta sauka cikinsa za ta zama tilo ita ma, ta daina zama gama-gari. Sannan idan malami ya koya wa ɗalibi cewa kusurwoyin alwatika idan an haɗa su digiri 180 ne, abu ɗaya suka sani ko biyu? Idan biyu ne, ba su fahimci juna ba. Idan ɗaya ne, a ina yake zaune? Ibn Rushd ya ce yana cikin hankali guda da kowa ke haɗuwa da shi, kuma abin da ke haɗa ka da shi su ne surorin da ke cikin ƙwaƙwalwarka, waɗanda ka tara ta gani da ji. Wannan hankali yana ɗiban ma'ana daga surorinka, shi ya sa ake cewa kai ne ka gane.

A shekarun 1260 wani matashin malami a Paris, Siger na Brabant, ya koyar da wannan a matsayin ingantacciyar fahimtar Arisɗo. A 1270 abu biyu suka faru. Toma ya rubuta ƙaramin littafi a kan kaɗaitakar hankali, raddi ga mabiya Ibn Rushd. A ranar 10 ga Disamba kuma Tempier ya haramta maganganu 13, na farkonsu shi ne cewa hankalin mutane ɗaya ne. Ga magani iri biyu an ba cuta ɗaya a shekara ɗaya.

Toma ya faɗa tun daga farkon littafin cewa ba zai kafa hujja da imani ba, don kowa ya san matsayin ya saɓa wa imani. Abin da zai nuna shi ne ya saɓa wa falsafa da kuma lafazin Arisɗo kansa. Ya bi nassin jumla-jumla, ya kuma kawo sharhin Themistius, wani tsohon mai sharhin Arisɗo, wanda William na Moerbeke ya fassara daga Girkanci a 1267, don ya nuna cewa ba duk magabatan masu sharhi ne suka karanta Arisɗo yadda Ibn Rushd ya karanta ba. Sannan ya kafa ƙafa a kan magana ɗaya da ba mai iya musunta: wannan mutumin yana ganewa. Wanda ya ce ba ya ganewa, ya ce, bai cancanci a saurare shi ba, don ya shaida da bakinsa. Duk bayanin hankali da ya kasa bayyana wannan ya faɗi. Nan ya kawo misalin bango. Launin bango yana isa ga ido, amma ba a cewa bango yana gani, ana ganinsa ne. Idan dangantakata da wancan hankali ita ce kawai yana ɗiban ma'ana daga surorin ƙwaƙwalwata, to ni bango ne: ana gane abin da ke cikina, ba ni ke ganewa ba.

Game da malami da ɗalibi kuma, ya raba abin da aka gane da abin da aka gane da shi. Abin da aka gane ɗaya ne, shi ne haƙiƙar alwatika. Surar hankali da kowannensu ya kama ta da ita kuwa biyu ce, kamar yadda mutum goma za su dubi wata ɗaya da ido ashirin. Kuskuren Ibn Rushd, a wurin Toma, shi ne ɗaukar cewa kasancewa ɗaya tilo ke hana abu zama ma'ana, alhali jiki ne ke hanawa. Hankali ƙarfi ne na ran wannan mutumin, ba ya aiki da wata gaɓa, amma nasa ne.

Me ya haɗa wannan da ɗabi'a? Komai. Nufi yana bin hankali. Idan hankalin ba naka ba ne, nufin ma ba naka ba ne, idan nufin ba naka ba ne ba kai ke da aikinka ba, to yabo da zargi da lada da azaba da doka duk sun rushe. Toma ya faɗi haka ƙarara, ya ce matsayin yana tumɓuke falsafar ɗabi'a daga tushe. Ya kuma bi wannan hanya har inda ta kai shi. A kashi na biyu na Summa, tambaya ta 19, ya tambaya ko lamirin da ya yi kuskure yana ɗaure mai shi. Ya ce i. Nufi yana bin abu ne yadda hankali ya gabatar masa da shi, don haka wanda ya aikata abin da hankalinsa ya ce masa mugu ne ya yi laifi, ko da abin a kansa mai kyau ne. Misalin da ya zaɓa, shi malamin Kirista, shi ne gaskata Almasihu: idan hankalin mutum ya nuna masa cewa mugun abu ne, ya kuma yi, nufinsa ya ɓaci. Amma a mas'ala ta gaba ya toshe ƙofar da malalaci zai bi. Bin lamiri mai kuskure ba ya wanke mutum sai idan jahilcin ba da sakacinsa ba ne. Wanda ya jahilci abin da ya wajaba ya sani, ko ya ƙi tambaya don kada ya ji, yana cikin tsaka mai wuya: ya bi lamirinsa ya yi laifi, ya saɓa masa ya yi laifi. Mafitarsa ɗaya, ya je ya koya.

Ya rufe littafin 1270 da ƙalubale. Ya ce wanda ke da abin cewa kada ya yi ta magana a lungu, ko gaban yaran da ba su iya auna manyan al'amura ba, ya fito ya rubuta raddi. Siger ya karanta, kuma rubuce-rubucensa na baya sun nuna ya ja da baya daga matsayinsa na farko, har ya kira Albert da Toma manyan mazaje a falsafa, ko da yake bai sallama musu komai ba.

Yanzu a yi wa Tempier adalci, don ba wawa ba ne. Tsangayar share fage cike take da samari 'yan shekara goma sha. Dokar 1215 ta yarda mutum ya fara koyarwa a can yana da shekara 21 bayan karatun shekara shida, alhali malamin tauhidi sai ya kai 35. Ma'ana matasa ne ke karanta wa yara Ibn Rushd, kuma yawancin yaran ba za su taɓa kaiwa ajin da ake ba da amsa ba. Bishop ɗin ya yi ƙorafin cewa wasu na cewa abu gaskiya ne a falsafa amma ba gaskiya ba ne a addini, kamar akwai gaskiya biyu masu karo da juna. Damuwa ce ta gaske, Toma ma ya yi ta. Akwai kuma masanin Faransa Pierre Duhem, wanda a farkon ƙarni na 20 ya ce hukuncin 1277 ya taimaki kimiyya, domin ya haramta cewa Allah ba zai iya halittar duniyoyi da yawa ba, ko ba zai iya motsa sama a miƙe ba, sai malamai irin su Buridan da Oresme suka sami ƙofar tunani a wajen katangar Arisɗo. Da ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai amfanin ya zo ne daga muƙabalar da aka yi a kan waɗannan maganganu daga baya, ba daga takardar ba.

Ita takardar a duba yadda aka yi ta. Wasiƙar Fafaroma John na XXI mai neman a yi bincike ta fita ranar 18 ga Janairu. Kwamitin malamai 16 ya zauna, kafin mako bakwai an yanke hukunci. Maganganun 219 ba su da tsari, wasu sun maimaitu, ba a faɗi littafin da aka ciro kowace ba, ba a ba da dalilin ɓacin ko ɗaya ba. Ɗalibin da hujjar Ibn Rushd ta kama shi ya fita daga takardar da shubuharsa cikakkiya, an ƙara masa tsoro kawai. Kuma garin sauri aka haɗa da mutumin da ya fi kowa yi wa shubuhar illa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mai kaifin ido zai ce ai amsar Toma ma ba ta kashe ra'ayin ba. Haka ne. John na Jandun ya ci gaba da koyar da shi a Paris a farkon ƙarni na 14, ya yi ƙarfi a jami'o'in Bologna da Padua, har babban taron coci na Lateran ya sake haramta shi a 1513. Ba haramci ba amsa, babu wanda ya share shi. Bambancin yana ga abin da kowanne ya bar wa mai neman gaskiya. Misalin bango har yau ana kawo shi a ajin falsafar hankali, ana gwada ƙarfinsa. Jerin Tempier masana tarihi kaɗai ke buɗe shi.

Ga sharuɗɗan da na ce ana tsallakewa. Na farko, tsarin muƙabala yana da rami: malami ne ke zaɓen hujjojin abokin hamayya, kuma ya san inda zai sauka tun kafin ya tashi. A hannun raggo, sai a jera hujjoji uku na kara a ture su da yatsa a ce an yi nasara. Na biyu, amsa ba ta yiwuwa sai da sani, kuma Toma kansa shaida ne. Inda ya karanta, kamar Ibn Sina da Ibn Rushd, ya yi adalci ko da yana suka. Inda bai karanta ba ya zame. Bai san Larabci ba, kuma abin da ya rubuta game da Musulunci da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a farkon Summa contra Gentiles maimaicin zargin zamaninsa ne, babu hujjojin ɗaya ɓangaren, babu amsa mai lamba. A littafin nan ne kuma ya ce da Musulmi ba mu da nassin da muka haɗu a kai, don haka sai a koma ga hankali, wanda kowa ya wajaba ya sallama masa. Ya kafa ƙa'ida mai kyau, ya taka ta bayan 'yan shafuka. Na uku, mutumin da ya ce lamiri yana ɗaurewa, ya ce kada a tilasta wa wanda bai taɓa karɓar addinin ba, ya ce kada a yi wa 'ya'yan Yahudawa baftisma ba da yardar iyayensu ba, shi ne kuma ya ce ɗan bidi'ar da ya ƙi tuba bayan gargaɗi a miƙa shi ga hukuma ta kashe, yana kwatanta shi da mai buga jabun kuɗi. Duk wanda zai ɗauki Toma tutar 'yancin tunani ya karanta wannan mas'ala tukuna.

Gardamar ba baƙuwa ba ce a zaurukan karatunmu. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi a kan mantiƙi, Suyuɗi na hani, Magili na karewa. Sullam na Akhdari, littafin mantiƙi da ake karantawa har yau, ya kawo ra'ayi uku a kan hukuncin koyonsa, ya rinjayar da halasci ga mai cikakkiyar basira wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Wannan matsayi ne da ya ɗauki damuwar Tempier da muhimmanci ba tare da ya bi hanyarsa ba: a tsara wa zai karanta, da yaushe, da gaban wa, maimakon a ce ba mai karantawa. Idan da Paris ta gyara jerin karatunta, ta sa ɗalibi ya ji hujja da raddinta a aji ɗaya, da ba ta bukaci maganganu 219 ba. A ɗaya gefen kuma, makarantar horar da limaman Katolika ta Makurdi sunan Toma Akwinas take ɗauke da shi, kuma wani ɗan ɗariƙar Toma ta Dominikan, Fada Joseph Kenny, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, a kan Aƙidatul Wusɗa ta Sanusi ya yi digirinsa na uku. Ɗaliban ɓangarorin biyu suna amfani da kalmomi masu tushe ɗaya, wajibi da ja'izi da mustahili, akasarinsu ba su sani ba.

Ma'aunin da zan ba duk malamin da ya ce zai yi raddi shi ne na Imam Gazali. Shi ne ya ce yin raddi ga mazhaba kafin a fahimce ta jifa ne a duhu. Kafin Tahafutul Falasifa, inda ya soki masu falsafa a mas'aloli 20 ya kafirta su a uku, ya rubuta Maƙasidul Falasifa, inda ya shimfiɗa ra'ayoyinsu kawai. An fassara Maƙasid zuwa Latin a Toledo a ƙarni na 12, amma yawancin kwafin da suka yaɗu ba su da gabatarwar da ya bayyana cewa labarin ra'ayin wasu yake bayarwa. Malaman Paris suka karanta, suka ga bayani mai tsafta wanda ba a rage wa hujja ƙarfi ko kaɗan ba, suka ɗauka marubucin almajirin Ibn Sina ne. Toma ma haka ya ɗauke shi, yana kawo sunan "Algazel" cikin masu ra'ayoyin da Gazali ya rubuta littafi guda don rushewa.